Tabarmar da Baba ya sauke daga bango

Ina shiga ɗakin na tarar da Baba zaune a ƙasa kan tabarma, carbi a hannu. Ga lafiyayyen gado, ko zama bai yi a kai ba. Na ɗaga kai, bango wayam. Ashe tabarmar da otal ɗin suka rataye don ado ce ya sauke, har ya yi la'asar a kanta.

Ni fa na nace. Biki muka zo Anacha daga Fatakwal, na ce wannan karon ba zai sauka gidan kowa ba. Na kama masa ɗaki a wani ɗan otal na 'yan gayu, tsohon gida ne aka gyara.

Ana haka manajar ta leƙo. Ta dafe ƙirji, ta ce tabarmar nan kayan tarihi ce, kallonta ake yi, ba a zama a kai. Kunya ta kama ni kamar in nutse.

Baba ya amsa mata da yaren Ibo tsantsa:

"'Yata, da muka dawo garin nan bayan yaƙi, shekara biyu a kan irinta nake kwana, gefen buhunan albasa. In tarihi kuke nema, ga ni nan. Ni ya kamata ku rataye."

Matar nan ta yi dariya har da hawaye, ta ce a bar masa.

Kwana uku muka yi, babbar rigarsa ce kaɗai ta more gadon.

Jama'a, naku iyayen ma haka suke, ko ni kaɗai Allah ya jarraba?