Ɓarin Goron Inna

Wallahi abin nan da zan gaya muku ni ya faru da ni, ba a majalisa na tsinto shi ba, kuma wanda ya ga dama ya ce gajiyar hanya ce, ni dai na san abin da na riƙe a hannuna. Lokacin ina aikin malamin gona a wajen Watari, gidanmu kuma yana wani ƙauye kafin ka kai Shanono, irin ƙauyukan nan da in ka fita daga gonar wani sai ka faɗa ta wani. Ana nan sai sunana ya fito cikin waɗanda za a tura ƙasar Sin kwas ɗin noman rani na shekara guda.

To, shekara biyu kafin nan an taɓa sa sunana, na bi gari ina shela har mai shayin bakin tasha sai da ya sani, ƙarshe aka cire ni, kowa ya ce baki ne ya kama tafiyar. Shi ya sa wannan karon Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, ya ja ni gefe ya ce, "Kada ka gaya wa kowa sai ka sauka, har ita Innar taka. Ka san ta da hawan jini, in ta ji jirgin sama kwanta mana za ta yi, kuma in ta sani duk matan unguwa sun sani." Ni kuma don tsabar ɗokin tafiya na ga maganarsa ta yi daidai.

Ita Inna tana da wata ɗabi'a da muke tsokanarta a kai. Duk ɗanta da zai yi tafiya mai nisa sai ta ɓare goro gida biyu, ta ba shi ɓari ɗaya, ta ƙulle ɗayan a bakin zaninta, ta ce, "Na yafe maka, Allah ya kai ka ya dawo da kai." Ba za ta ci nata ba sai ka dawo, ko da ya bushe ya zama kamar tsakuwa.

Ranar Litinin da safe na same ta a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa, babbar jakata kuwa tuni na ɓoye ta a gidan Kawu. Na durƙusa na ce, "Inna, zan shiga Kano, Juma'a zan dawo." Ta dube ni ta yi dariya ta ce, "Kano ai tsakar gida ce, Auta, ba sai na ɓata gorona ba." Shi ke nan. Na tashi ba goro, ba yafiya, da ƙarya a bakina.

Daga nan mota zuwa Kano, bas zuwa Abuja, sannan jirgi, muka sauka a Habasha muka sake wani, muka yi ta tafiya har ƙafafuna suka kumbura, har na daina gane sallar da ake ciki. Da muka sauka a ƙasar Sin aka zazzage mini jaka, aka ƙwace kilishina da yaji da daddawa, har aljihuna sai da aka sa na juye su waje. Ina faɗin wannan ne don ku san ban shiga ƙasar da ko ƙwayar gyaɗa ba.

Ranar Alhamis aka zuba mu a wata doguwar bas zuwa garin da makarantar take, tafiyar yini guda. Abokan tafiyata biyu suna can gaba suna barci, ni ina baya jikin taga, kujerar kusa da ni ba kowa. Hanyar duk duwatsu ce, an fasa su an yi rami, mota ta shige duhu ta fito, ta sake shigewa. Wajen la'asar muka shiga wani mai tsawo, sai kawai na ji ƙanshin hayaƙin kara da man shanu, ƙanshin ɗakin Inna sak, a motar da ko taga ba a buɗewa. Muna fitowa haske na waiwaya, Innalillahi, ga ta zaune.

Ba kama ba ce, jama'a, ita ce. Shuɗin zaninta da ya koɗe, da ɓawon gyaɗa a cinyarta. Ba ni take kallo ba, duwatsun take kallo. Can ta ce, "Auta, Kanon nan taku da nisa." Na buɗe baki, wallahi harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Ta sake cewa, "Gobe ce Juma'ar?" Abu ɗaya nake so in faɗa, Inna ki yafe mini, kalma huɗu kacal, amma suka ƙi fita. Sai ta kama hannuna, nata sanyi ƙalau kamar ruwan randa, ta sa mini wani abu ta naɗe yatsuna a kai. Na jira ta faɗi abin da ta saba faɗa. Ba ta faɗa ba. Muka shiga wani ramin, muna fitowa kujera wayam.

Na buɗe hannu, ɓarin goro ne ja, ɗanye shar, ko baƙi bai fara ba.

Muna isa na nemi waya na kira yayata Hadiza, na gaya mata inda nake. Ta ce Inna tana barci. Washegari ta ce ta shiga maƙwabta. Wani satin ta ce jikin da sauƙi amma ba ta son magana. Kun san halinmu, ba a gaya wa matafiyi rasuwa, wai kada hankalinsa ya tashi a ƙasar mutane. Haka suka yi ta juya ni, ni ma kuma ina taya su, don tsoron tambayar nake. Sai da wani abokina ya turo mini saƙon murya yana ba ni haƙuri bai samu zuwa sadakar arba'in ba. A tsaye na saurara cikin gonar gwaji, na zauna a cikin taɓo, ban san na zauna ba.

Kwas ɗin dai na ƙarasa shi ne kamar gawa. Da na dawo gida, bayan masu zuwa gaisuwa sun watse, Yaya Hadiza ta kira ni ɗakin Inna ta ba ni labari. Ta ce ranar Alhamis ɗin da hantsi, wanda in ka lissafa daidai la'asar ɗin can ne, Inna ta ce a miƙo mata goro. Ta ɓare, ta ƙulle ɗaya a bakin zani, ta jingina da bango ta ce, "Kanon nan tasu da nisa," daga nan ba ta ƙara motsi ba. Ɗaya ɓarin kuwa sun ɗaga tabarma, sun share ɗaki, ba su gan shi ba, suka ce ko kaza ce ta ɗauke.

Ta kwance wani ƙyalle ta miƙo mini na Inna. Na ciro nawa daga cikin jakar fasfo, duk sun bushe sun yanƙwane, na haɗa su suka zauna daram. Yaya ta saki salati ta ja da baya. Na ce, "Yaya, don Allah, ta ce ta yafe mini?" Ta ce, "Ba zan yi maka ƙarya ba, Auta. Ban ji ba."

Na tambayi malamai, wani ya ce aljani ne, wani ya ce in yi ta yi mata addu'a in bar bincike. Kawu Sale har ya rasu ba ya iya haɗa ido da ni. Ni kuwa har yau ban sani ba, goron nan yafiya ta kawo mini, ko zuwa ta yi ta nuna mini ta san ƙarya na yi mata. Ranar da na ce yafiya ce sai in tuna ta ba ni goron amma ta riƙe maganar.

Don Allah, duk wanda mahaifiyarsa take raye, ko bayan gari za ka, ka gaya mata gaskiyar inda za ka, ka tsaya har sai ka ji ta ce ta yafe. Bakin mutane bai kai wannan ciwo ba. Ni yanzu ko motar Kano na shiga ba na yarda kujerar kusa da ni ta zauna ba kowa, amma kuma duk sanda na ji ƙanshin hayaƙin kara sai na waiwaya, ko za ta dawo ta ƙarasa.