Adireshin da Na Saya Ban Soka Ba

Ban taɓa mantawa da wata Alhamis a tsakiyar kaka ba, ranar da na zauna gaban kwamfuta cikin tashin hankali, a waje kuma motoci suna ta sauke masara. Ku da kuke yawan tambayata yadda ake sayen adireshin IP na kamfani, bari in ba ku labarin sayena na farko.

Alhaji Sada ɗan kasuwar hatsi ne a Funtuwa, ni nake kula masa da kwamfutocin ofis. Injiniya yake kirana, alhali duk abin da na sani a waya na koya, da bidiyo da karance-karance. A shekarar wani babban kamfanin abincin kaji a Legas ya ce zai sayi masara a hannunsa, amma sai ya yi rajista a shafinsu kafin sha biyun ranar Juma'a. Shafin kuma ba ya buɗuwa ga kowa. Sai ka ba su adireshin ofishinka na intanet, su sa shi a jerin waɗanda suka yarda da su.

Ga wanda bai sani ba: datar da muke sakawa a waya kamar gidan haya ce, mutane da yawa a ƙofa ɗaya, gobe ma a sauya maka gida. Adireshin da suke nema shi ne naka kai kaɗai, tsayayye, kamar lambar shago a kasuwa. Saye ake yi ko haya.

Kamfanin da ke ba mu intanet ya ce sai mun cike fom, mun kai takardar rajistar kasuwanci, mu jira mako biyu. Ba mu da mako biyu. Sai na tuna wani mutum a Kaduna da na sani a wani guruf na hira a waya, dillalin adireshi ne. Ya ce a yini ɗaya zai haɗa mu. Na shiga wurin Alhaji da zumuɗi, na ce ranka ya daɗe, ka bar min wannan. Ya tambaye ni ko na san mutumin. Na ce sosai. Wallahi ko muryarsa ban taɓa ji ba.

Ranar Laraba aka haɗa. Na saita rauta, wato na'urar da ke raba intanet a ofis, na duba, adireshi ya tsaya cak. Na tura wa Legas lambar. Har na ce wa Alhaji ya ɗauka an gama. Shi kuma da jin haka ya aika wa manoman Tsiga da Maska su kawo kaya.

Alhamis da safe matar da ke kula da rajista a Legas ta kira. Ta ce na'urarsu ta ƙi adireshinmu, yana cikin jerin waɗanda aka yi wa baƙin tambari. Wanda ya riƙe shi kafin mu ya yi amfani da shi wajen tura saƙonnin damfara. Na ce ai ba mu ba ne. Ta ce ta yarda, amma na'ura ba ta san fuska ba, lamba ta sani.

Na shiga shafukan da ake dubawa. Ko'ina alamar ja, ja, ja. Na karanta yadda ake wanke adireshi, sai ka rubuta takarda ka jira kwanaki. Na kira dillali sau huɗu, bai ɗauka ba. Ta taga ina hango Baba Iro, mai kula da sito, yana karɓar kaya. Buhu ba ya shiga sai ya soka masa ƙarfen nan mai rami ya zuba ƙwayar a tafin hannu. Ina kallon buhuna suna hawa kan juna, ina tunanin inda Alhaji zai kai su idan Legas ta rufe.

Sai da aka idar da azahar na iya tashi. Na samu Alhaji a rumfa tare da Baba Iro, na durƙusa na faɗi komai, har da cewa ban san dillalin ba. Na yi zaton zai yi faɗa. Bai yi ba. Baba Iro ne ya fara magana.

"Wato shi ma abin naku akwai mai ƙwari?"

Na ce akwai, Baba.

"Kuma ka saya ba ka soka ba."

Alhaji ya miƙo hannu, ya ce in ba shi lambar wayar dillalin. Da wayarsa ya kira, sai ga shi an ɗauka. Bai ɗaga murya ba. Ya gaishe shi, ya tambayi iyali, sannan ya ce kayan da aka aiko ba su yi ba. Dillali ya fara bayanin cewa duk adireshi ɗaya ne, lamba ce kawai.

"Malam, kowane mai kaya haka yake ce min," in ji Alhaji. "Ka turo samfuri guda biyar. Injiniyana zai duba. Wanda ya yi, shi za mu ɗauka."

Ni ban ma san ana iya neman haka ba. Bayan la'asar ya turo lambobi biyar. Baba Iro ya biyo ni ofis, ya ja kujera. Ya ce shi wuri uku yake soka buhu: baki, tsakiya, gindi, don mai ha'inci a baki yake zuba mai kyau. Ya tambaye ni ina ne gindin nawa buhun.

Na tsaya na yi tunani. Baki shi ne jerin baƙin tambari. Tsakiya ita ce rajistar da ke nuna sunan mai adireshin da ƙasar da yake. Gindi kuwa sai mai saye da kansa ya gwada. Uku na farko tun a baki suka faɗi. Na huɗu da na biyar suka fito fes a wuri biyu. Na ce mu ɗauki na huɗu a wuce wurin. Baba Iro ya ce saura gindi. Na kira Legas, sun tashi daga aiki.

Da safen Juma'a ƙarfe takwas ina kan waya. Matar ba ta shigo ba sai wajen goma. Na karanta mata na huɗu, lamba bayan lamba. Ina jin ƙarar madannai, sannan ta ce wannan ma yana cikin wani jerin da su kaɗai suke amfani da shi. Da na bi son raina jiya, shi zan saita, in zo in tarar da ƙofa a rufe. Na karanta na biyar. Ta ce wannan ya wuce.

Saura dillali ya mayar da mu kansa, ni kuma in sake saita rauta. Sau biyu ina rubuta lambar ba daidai ba. Sha ɗaya da rabi ta gota shafin ya buɗe. Na cike rajista, na danna, takardar shaida ta fito. Na kai wa Alhaji. Ya sa tabarau ya karanta, ya ninke ya sa a aljihu, ya ce in je in yi alwala kada mu rasa sahu.

Daga baya na bi hanyar fom, muka samu adireshi daga kamfaninmu na intanet, da takarda da sunan kasuwancin Alhaji a kai. Ku ma shi nake ba ku shawara idan kuna da lokaci. Idan kuma dole ta kai ku wurin dillali, ku sani adireshi yana da tarihi, wani ya riƙe shi kafin ku. Ku nemi samfuri, ku duba wuri uku, kada ku ce wa mai gida an gama sai wanda za ku yi hulɗa da shi ya gwada.

Na shiga aikin nan ina ganin ni kaɗai na san zamani a gidan. Baba Iro har yau wayar hannu mai madannai yake riƙewa. Amma duk ranar da ya ga an kawo min sabuwar na'ura a kwali, sai ya leƙo ta taga ya tambaye ni ko na soka gindin.