Kawu Mai Guga da Tirelar Sama

Kawu yayan Ummanmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana guga a ɗakin wankin wani babban asibiti, can ƙasan gini, inda tururi kan hana mutum ganin fuskar na kusa da shi. Zannuwan gado, fararen rigunan likitoci, korayen kayan ɗakin tiyata, har labule, duk ta hannunsa suke bi. Dogo ne siriri, ba ya son hayaniya, kuma akwai tabon bakin dutsen guga a wuyan hannunsa na hagu. Ɗakinsa ne na ƙarshe a gidanmu, daf da famfo. Ni ba ya kiran sunana, sai dai ya ce Uwata, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini.

Ina da shekara tara wata ma'aikaciyar jinya da za ta bar gari ta ba shi tsohuwar talabijin ɗinta, irin mai ƙaton bayan nan. Abin murɗa tasha ya karye, sai da filaya ake juya shi. Kawu ya ɗora ta a kan akwatinsa, ya samo tsohon zanen gado ya goge shi tas, ya riƙa lulluɓe ta da shi kamar mara lafiya.

Bai damu da labarai ba, balle ƙwallo. Shiri ɗaya ne nasa, wanda ake sawa duk Asabar bayan la'asar. Labarin wasu mutane ne da ke yawo a sararin samaniya cikin wani ƙaton jirgi, suna kai kaya daga wannan duniya zuwa waccan. Kawu ya raɗa wa jirgin suna Tirelar Sama. Akwai wata mata mai ba da umarni, ita ce Uwar Ɗaki. Akwai wani tsoho mai farin gemu, shi ne Dattijo. Sai wata halitta ta ƙarfe mai ƙafa uku da ke bin su tana ƙyafta fitilu, wadda Kawu ya ce ai wannan Murhu ne, sunan kuwa ya bi ta.

Da Turanci ake shirin, mu kuwa a lokacin ban da gaisuwa ba abin da muke ji. Saboda haka Kawu ne tafintanmu. Mukan cika ɗakin, ni da ƙannena uku da 'ya'yan maƙwabta, shi yana bakin gado da filaya a hannu.

"Kun ji abin da Uwar Ɗaki ta ce?" zai tambaye mu. "Cewa ta yi, wa ya bar famfo a buɗe tun safe? A sama ba a samun ruwa a banza."

Sai ya kalli ƙanena ta wutsiyar ido, ɗaki ya ɗauki dariya.

Haka mutanen sama suka riƙa faɗa a kan abubuwan gidanmu: wanda ya sha shayi bai wanke kofi ba, wanda ya shiga ɗakin wani ba sallama. Abin da ya fi ɗaure wa Kawu kai shi ne kayansu. Za a harbe su, jirgi ya jijjiga, su faɗi su tashi, amma riga ko lanƙwasa babu. Yakan girgiza kai ya ce, "Akwai wani bawan Allah a ƙasan jirgin nan da ke musu guga. Ba za su taɓa nuna shi ba, amma na san aikinsa idan na gani."

Babban labarin dai na Dattijo ne. Duk duniyar da suka sauka, shi ne ke fara fita, riƙe da wani ɗan faifai mai haske. Yakan miƙa wa mutanen wurin, su duba, su yi magana, su mayar masa. A nan muryar Kawu takan yi ƙasa.

"Hoton 'yarsa yake nuna musu. Tun tana ƙarama aka raba su. Tambaya yake ko sun gan ta."

"Me suka ce, Kawu?"

"Sun ce ta wuce ta nan bara, ta yi tsawo, ta yi kama da shi. Sun ce ya gwada duniya ta gaba."

Shekaru muka yi muna bin Dattijo duniya-duniya. Na sha yin kuka a ɗakin nan, na kuma sha sa shi a addu'a.

Sai na tafi makarantar kwana, kunnena ya buɗe da Turanci, kaina kuma ya kumbura. A can na yi wata ƙawa, 'yar wani likita a asibitin su Kawu. Da ta tambaye ni, cewa na yi kawuna ma a asibitin yake aiki, ban ƙara komai ba, na bar ta ta ɗauka abin da ta ga dama.

A hutun da na cika sha biyar ta kawo mini ziyara, ranar Asabar. Na yi iya ƙoƙarina mu tsaya a ɗakin Umma, amma da la'asar ta yi, yara suka ruga ɗakin Kawu, ita ma ta ce tana so ta gani. Kawu ya tashi ya ba ta kujerarsa ɗaya tilo. Da ya ji ko 'yar wace ce, fuskarsa ta washe.

"Ashe ke ce 'yar likitan ƙashi! Ai babanki ba ya son sitaci a wuyan riga. Shekara shida ina goge masa, ko sau ɗaya bai dawo da ita ba."

Ƙawata ta dube ni, ta dubi tabon hannunsa, ta yi ɗan murmushi. Wataƙila ba komai a ranta. Ni dai ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aka fara shiri. Rabona da kallonsa tun kafin Turancina ya zauna, ran nan kuwa kowace kalma ta shiga kunnena tar. Jirgi ya sauka, Dattijo ya fita da faifansa, Kawu ya rage murya ya fara: "Ga shi nan, yana cewa, don Allah ku duba da kyau..."

Ƙawata ta toshe baki da hannu.

"Kawu, ƙarya kake yi," na ce.

Ban ce ya yi kuskure ba, ban ce bai ji daidai ba. Kalmar da na zaɓa ke nan, a gaban yara, ga mutumin da ya goya ni.

"Ba wata 'ya. Takardar karɓar kaya ce, cewa yake su sa hannu. Ba ka jin ko kalma ɗaya, duk shekarun nan shirya mana kake yi."

Murhu na ta ƙara a talabijin. Autanmu ya buɗe baki yana kallon Kawu, yana jira ya ƙaryata ni. Kawu ya juya filayar a hannunsa sau biyu, sannan ya miƙo mini.

"To, Malama, bismilla. Fassara mana."

Na kuwa fassara, da ƙwazona. Na gaya musu kaya guda nawa aka sauke, da cewa injin hagu na zafi, da cewa Uwar Ɗaki na so a tashi kafin iska ta juya. Duk gaskiya ne. Kafin a kai rabi, 'ya'yan maƙwabta sun zame ɗaya bayan ɗaya, ƙanena yana wasa da zaren tabarma.

Washegari muna wanke-wanke Umma ta yi mini magana, ba tare da ta ɗago kai ba. Ban taɓa jin muryarta a sanyaye haka ba, da ma duka ta yi mini. Na san Kawu ya taɓa aure, amma ban san an haihu ba. Ashe yana da 'ya. Tana da shekara biyu auren ya mutu, uwar ta tafi da ita wajen danginta a wani gari mai nisa. Sau biyu ya bi su. Na farko aka ce ba sa nan, ya wuni a ƙofar gida ya dawo. Na biyu ya tarar sun tashi, ba wanda ya san inda suka koma.

"Ba ya maganarta da kowa, ko da ni," in ji Umma. "Sai ran Asabar. Ke kuma kin yi karatu."

Na yi niyyar in je in ba shi haƙuri a ranar. Na kai har bakin famfo, na ji motsinsa a ciki, sai na wanke hannuna da ba datti na koma. Na ce gobe. Asabar ta zagayo, ya kunna talabijin ya zauna shiru har aka gama. Ta gaba ya ce an ba shi aikin ƙarshen mako. Daga baya muka ji shi ya roƙa a ba shi. Kafin hutuna ya ƙare ya ɗauko talabijin ɗin da kansa ya ajiye a falo, ya ce ta fi amfani a nan. Bai yi fushi da ni ba ko na yini ɗaya. Ranar komawata makaranta shi ya goge mini kayan makaranta, ya raka ni tasha, yana ta Uwata kaza, Uwata kaza. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Yau ni malamar Turanci ce, da aurena da 'ya'ya uku. Akwai talabijin a falona mai faɗin rabin bango, amma kowa da wayarsa yake kallo, kunne a toshe, ba mai tambayar wani me aka ce. Abubuwan da muke buɗe baki muna kallo a Tirelar Sama, ƙofa mai buɗe kanta, magana da mutum kana ganin fuskarsa daga nesa, duk sun zama ruwan dare, ba mai ko ɗaga kai. Na taɓa lalubo shirin a waya. Bangon jirgin kwali ne, ana ganin yana rawa in an rufe ƙofa, labarin kuma ba gishiri. Minti goma na iya jurewa. A lokacin na gane wanda muke so ɗin ba a talabijin yake ba, a bakin gado yake zaune.

Bayan Kawu ya yi ritaya, Umma kuma ta rasu, na dawo da shi gidana. A shekarar ce na shiga neman 'yarsa, ban gaya masa ba. Ba zan yi wa kaina ƙarya in ce don shi kaɗai na yi ba, nauyin da ke ƙirjina nake so in sauke. Wata takwas ina bin lambobin waya, daga wannan dangi zuwa wancan, har na same ta. Tana sayar da tikiti a wata tashar mota, tana da 'ya'ya biyu. An gaya mata tun tana ƙarama cewa ubanta ne ya watsar da su. Sai da na kira ta sau huɗu kafin ta yarda ta zo.

Na zaci za a rungume juna a yi kuka. Ba haka aka yi ba. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ake gaida baban ƙawa. Ya tambaye ta hanya, ta ce lafiya. Ya tambayi yara, ta ce suna makaranta. Suka zauna suna kallon tabarma. Doguwa ce, har yatsunta irin nasa. Kwana biyu ta yi. Da safen da za ta tafi ta tarar ya goge mata duk kayan da ta zo da su, har ɗankwali, ya jera a kan jakarta. Ta tsaya tana kallonsu, sannan ta ce, "Baba, da ba ka wahalar da kanka ba." Sau ɗaya ke nan ta kira shi haka a gabana. Yanzu takan bugo waya wata-wata, su gaisa, ta haɗa shi da jikokinsa. Ba yawa, amma yakan yi kwana uku yana fara'a.

A watan jiya na kai shi a duba masa yanar ido, a asibitin da ya yi wa aiki. Ba wanda ya gane shi. Muka karɓi lamba muka zauna a dogon benci, mutane cunkus. Ban san abin da ya tunzura ni ba, wataƙila don idonsa ba ya ganin fuskata sosai.

"Kawu, akwai abin da na yi maka tun ina yarinya. Ranar da na ƙaryata ka a gaban yara, a kan shirin nan. Ka yafe mini."

Ya juyo da kunnensa wajena. "Yaushe aka yi haka?"

"Ranar da ƙawata ta zo. Ka tuna mana."

"Kai, Uwata, ke dai akwai riƙo, kamar mai sunanki. Ni abin da na ci jiya ma ban tuna ba. In ma an yi, ai ba ki faɗi ƙarya ba. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Na ji wani sauƙi-sauƙi yana shigata. Na ce a raina, ashe ni kaɗai na ɗauki abin nan shekara ashirin da biyar. Layi ya matsa, muka matsa. Ya gyara zaman hularsa, ya yi hamma, can sai ya ce:

"Yarinyar nan 'yar likita, mai jan takalmi da ɗan agogo a hannun dama, tana ina yanzu?"

Ni kaina na manta da takalmin, sai da ya faɗa na gan shi a idona. Na ce masa ta yi aure, tana wata ƙasa, mun daɗe ba mu gaisa ba.

"Allah sarki," ya ce. "Yarinya mai hankali."

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira lambarmu. Na miƙe na kama hannunsa, ya dafa kafaɗata, muka ratsa ta cikin mutane a hankali, ina gaya masa inda matakala take.