Ranar da Ƙofar Kab Ta Rufe da Ni a Villeurbanne

Jama'a, wannan labari a kaina ya faru, ban tsince shi a bakin kowa ba, kuma wallahi ko yanzu da na zauna rubuta shi sai da tsigar jikina ta tashi. A ɗaya daga cikin shekarun nan ne da azumi ya riƙa faɗowa cikin watan Agusta, ina aiki a Lyon da wani ƙaramin kamfani mai kula da famfunan zuƙe ruwa na ƙarƙashin gidaje. Ni mutumin Madawa ne, karatun lantarki ya kawo ni Faransa. Da farko a Montreuil da ke gefen Paris na zauna, inda ko biredi ka fita saye sai ka yi karo da wanda za ku gaisa da Hausa, sai aiki ya ɗauke ni ya jefa Villeurbanne da ke manne da Lyon, wani ɗan ɗaki a saman bene wanda in ka miƙe hannu biyu ka taɓa bango da bango. A can na san mene ne kaɗaici. Sai in yi mako ban furta wa wani mutum kalmar Hausa ba in ba ranar Lahadi da nake kiran Inna, mahaifiyata, ita ma rabin hirar ƙorafi nake mata cewa ba ni da kowa a garin nan.

Bari in ɗan bayyana aikin don ku gane. Gidajensu suna da ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa, su suke kira kab, kuma ruwa yana tsattsafowa ciki. To sai a haƙa rami a inda ya fi gangare, ruwan ya taru, a sa famfo mai aiki da wutar gida yana zuƙe shi yana turawa waje. Matsalar ita ce ranar da aka fi bukatar famfon, ranar ruwa da iska, ranar ce wuta take ɗaukewa. Shi ya sa muke ƙara ƙaramin famfo na biyu mai aiki da batiri, da wata 'yar ƙwallo da ke yawo a kan ruwa, da ruwa ya ɗaga ta sai famfon ya tashi da kansa. Ni nake kafa su, ni kuma nake zagayawa ina duba su: in cire wutar gida, in juye bokitin ruwa a ramin, in kasa kunne, in kankare farin gishirin nan da ke taruwa a kan kawunan batiri, in ƙara masa ruwansa in ya yi ƙasa. Aiki ne na mutum ɗaya da tocila.

Akwai wani tsohon gidan ɗalibai da na kafa wa irin wannan famfo da hannuna. Ɗakin ramin yana can ƙasan kab ɗin ma, sai ka sake sauka 'yan matakala, ɗan ƙuƙumi ne mai ƙofar ƙarfe, kuma hannun ƙofar na ciki ya daɗe da cirewa, na faɗa har na gaji, saboda haka kullum da bokiti nake tokare ta. Ni kuma ina da wata ɗabi'a da Inna ta dasa mini tun ina ƙarami, ba na shiga wuri ko kango ne ban yi sallama ba. A Faransa abin ya zama mini abokin hira ma, don in na yi sallamar sai in zarce, in tambayi famfo ya gajiya, in ce wa batiri kai malalaci yau ma ka sha ruwanka. Ku yi dariya, ni ma yanzu ina yi. Wata rana cikin hunturu na yi sallama a ɗakin nan, sai na ji kamar an amsa can ƙasa-ƙasa daga bayan bututu. Na tsaya, na haska, bango ne kawai, na ce ruwa ne ke gunaguni a bututu, na ci gaba da aikina. Abin da ya ba ni kunya daga baya shi ne ban ji tsoro ba sam, daɗi na ji.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce, ina da azumi a bakina. In Agusta ta yi, garin watsewa yake, ɗalibai sun tafi hutu, shef ɗina, wato shugabana a wurin aiki, yana bakin teku da iyalinsa, gidan nan babu kowa sai gardiyan mai gadin gidan, wata dattijuwa da ita ma ba ta cika zama ba. Ba a ma sa ni zuwa can ranar ba, ni na ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin bayan an sauko daga masallaci, na tuna batirin gidan ya mutu, na auna shi a zuwan da ya wuce ko ƙwan tocila ba zai kunna ba, ga sabo a bayan mota, na ce bari in je in canza kafin ruwa ya sauko. Ban gaya wa kowa ba. Wa ma zan gaya wa?

Na sauka, na yi sallama, na tokare ƙofa, na kwance wayoyin tsohon batirin da ke kan kanta, da niyyar in hau in ɗauko sabon. Sai na ga bakin ramin ya yi laka, na ce bari in ɗauraye tukuna, na miƙa hannu na jawo bokitin nan ba tare da tunani ba. Daidai lokacin iska ta buga ta wata taga a sama, sai ji na yi garam! Ƙofa ta rufe. Ban gama salati ba wuta ta ɗauke.

Innalillahi! Na kunna fitilar salula, babu rezo, wato sabis na kira, ko ɗigo. Na daki ƙofar nan da spana har hannuna ya yi tsami, na yi ihu da Faransanci, na yi da Hausa, babu mai ji, ruwan sama kuwa kamar ana juye shi da masaki. Can sai na ji sanyi a idon sawuna. Ramin ya cika ya tumbatsa, ga wani ruwan yana kwararowa ta ƙarƙashin ƙofa daga kab na sama, don duk ruwan gidan nan ɗakin yake nufa. Kafin wani lokaci ya kai gwiwa. Na yi lissafi, yau Juma'a, ba mai nemana sai Litinin, ita ma Litinin ɗin sai in wani ya kira ofis ya ce ban zo ba. Mutuwar ba ta ba ni tsoro kamar yadda wannan ya ba ni ba, a ce in kwana uku a cikin ruwan kwata ba wanda ya ce ina wane. Na jingina da bango na yi kuka, kuka sosai irin na yara.

Sai na ji murya daga bayan bututun nan, muryar dattijo, a natse, da irin Hausarmu ta gida sak.

"Yaro, wa as san kana nan?"

Na haska, ba kowa. Na ce, "Ba kowa, Baba."

"Ko uwarka?"

Na ce Inna tana Madawa, ina za ta sani.

Sai ya ce, "To maida tsohon ga wurinai." Na ce Baba ai ya mutu, ni na auna shi. Ya ce, "Maida shi dai. Ni bari in tahi in hwaɗa mata."

Ban san abin da ya sa na bi maganarsa ba, wataƙila don wata da watanni ba wanda ya ce mini yaro. Na kama salula da haƙora, na ɗaure jar waya a wurinta, baƙa a wurinta, na yi bisimilla. Wallahi tallahi, jama'a, ina ɗaure ta biyun famfon nan ya ɗauka, wani irin gurnani mai ƙarfi da ko ranar da na kafa shi sabo bai yi ba. Na kira Baba, na sake kira, shiru, sai ƙarar famfo.

Ruwan bai ragu ba, amma ya tsaya a cinyata, abin da ke shigowa famfo na fitarwa. Na kashe fitila don kar cajin ya ƙare, na tsaya cikin duhu, hannuna ɗaya a kan batirin, kuma sanyi ƙalau yake kamar dutse, alhali batirin da ke jan irin wannan aiki ɗumi yake yi. A tsaye na yi la'asar da ishara. Ƙafafuna suka mutu, ƙishirwa ta dame ni ga ruwa har cinya, na karanta duk abin da na haddace na sake komawa farko. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san sabon batiri ma da ƙyar zai kai haka.

Rana ta kusa faɗuwa gardiyan ta dawo daga inda ta fake, ta ga motata a ƙofar gida, ta sauko da takalman roba tana duba ɓarna, ta ji ina dukan ƙofa. Da ta buɗe ta gan ni sai ta dafe ƙirji tana ta surutu. Na ɗauko sabon batiri na ɗaura, na sa na'urar awon wuta a kan tsohon a gabanta, allurar ko motsi ba ta yi ba.

A mota na sha ruwa da dabino biyu da ke aljihun gaba, wando na ɗiga. Rezo ya dawo, na duba salula, ba kira ko ɗaya, ba saƙo. Ban jira Lahadi ba na kira Inna, ko gaisuwa ba ta bari na gama ba.

"Ka hito? Alhamdu lillahi! Tun da baƙonka ya tahi nike bisa tabarma."

Na ce wane baƙo, Inna?

Ta ce wani dattijo ne ya yi sallama a zaure da rana, ya ƙi shigowa, ya ce ɗanki yana cikin ruwa, tashi ki roƙa mishi Allah. Ta ce wandonsa jiƙe yake har cinya, ya bar mata zaure sharkaf, ga shi kuwa rabonsu da ruwan sama an kwana biyu har an fara fita roƙo. Ta shiga ɗebo masa abin zama, ta fito ba ta gan shi ba. Sannan ta ce, da ɗan faɗa-faɗa, "Kai kuma kana da mutum irin wanga can, kullum kana ce mini ba ka da kowa?"

Na ce to Inna.

Ban sake sauka ɗakin nan ba, na roƙi a ba wani, bayan sallah kuma na nemi canji na dawo Paris. Na tambayi malamai biyu, ɗaya ya ce aljani ne Musulmi, ɗaya ya ce in yi shiru in gode wa Allah, ni dai ban san ko wane ne ba har yau. Abin da zan ce muku, musamman 'yan uwa da ke aiki su kaɗai a ƙasar mutane: kada ka kwance tsohon batiri sai sabon yana gefenka, kada ka yarda da ƙofar da ba ta da hannu a ciki, kuma kafin ka sauka ƙarƙashin ƙasa ka kira wani ka ce ga inda nake, ko da kuwa ba ku saba ba. Inna ban taɓa gaya mata gaskiyar abin ba. Har Allah ya karɓi ranta, duk Lahadi in za mu yi sallama sai ta ce in gaida mata mutumina na Lyon, ni kuma in ce mata zai ji.