Eko a Kan Muryar Mama Leah

Duk wanda ya zauna a Zuru a shekarun nan ya san Dawuda Mai Eko, ko bai san fuskarsa ba ya san aikinsa. In ka ji kaset ɗin zumuntar matan coci yana tashi a shagon wani, muryoyin kamar a cikin makeken coci aka rera su, alhali ka san matan nan a gindin mangwaro suke gwaji, to hannun Dawuda ne. Gajere ne, mai yawan shiru, ga wata ɗabi'a mai ban dariya: ba ya shiga ɗaki sai ya tafa hannu, ya karkata kai yana sauraron yadda ɗakin zai amsa. Har a gidan surukansa ya yi haka ranar gaisuwa, aka yi ta tambayar ko yaron lafiyarsa ƙalau.

Lafiyarsa ƙalau, kunne ne Allah ya ba shi. A bariki ya tashi, ɗan Saja Mika, kuma tun yana ƙarami yake shan duka saboda cusa kai cikin tankin ruwa yana ihu. In an zo hutu gida kuwa, sai ya hau dutse ya kira sunansa ya jira a maido masa. Yana gab da gama sakandare aka tura mahaifinsa yaƙin Laberiya. Saja Mika bai dawo ba, ko gawarsa ba a kawo ba, sai akwatin kayansa. Mahaifiyarsa, Mama Leah, ta kwashe 'ya'yanta ta dawo Zuru, ta kama noman dawa, ta kuma zama mai ba da waƙa a zumuntar mata.

Kawunnansa suka so ya shiga soja kamar kowane ɗan gidan, ya ƙi ƙememe. Ya koyi gyaran rediyo, daga nan ya fara ɗaukar waƙoƙin coci a kaset. Dabararsa a lokacin ita ce ya zura lasifika cikin rumbun da babu hatsi, ya rataya makirufo a bakinsa, waƙa ta fito da amsa-kuwwa mai daɗi, wato eko. Da kaka in an cika rumbu, sana'a ta tsaya ke nan sai hatsi ya ja baya.

A shekarar 2004 Francis ya dawo daga Kaduna da kwamfuta a cikin kwali. Francis fa ba baƙo ba ne. Tare suka tashi a bariki, kuma da mahaifiyarsa ta rasu Mama Leah ce ta riƙe shi, kwano ɗaya suka ci tuwo da Dawuda. Mutum ne mai zaƙin baki, irin wanda zai sayar maka da rigarka kana godiya. Suka shirya a kan cewa kwamfuta ta Francis, shago da kunne na Dawuda.

A cikin kwamfutar akwai wasu 'yan na'urorin eko da masu situdiyo ke kira fulogin. Ka ɗauki murya busasshiya, wato yadda ta fito daga baki, ka ɗora mata fulogin, sai ka zaɓi inda kake so a ji kamar an rera ta: ƙaramin ɗaki, coci, kogon dutse, ko rijiya. Ka ja wannan maɓalli ɗakin ya faɗaɗa, ka ja wancan jelar amon ta ƙara tsawo. Ranar da Dawuda ya fara taɓawa, wallahi kamar an ba yaro kasuwa kyauta. Ya manta da abinci, har matarsa ta aiko a duba ko janareto ne ya kama shi.

Bai tsaya a abin da ya tarar ba. Wata rana cikin wasa ya juya murya ta koma baya, ya zuba mata eko mai tsawo, sannan ya sake juyo ta daidai. Sai ga abin mamaki, amon ya riga muryar zuwa. Kafin mutum ya buɗe baki za ka ji kalmar tana tasowa daga nesa kamar iska kafin ruwa. Da Francis ya ji, sai ya zabura.

"Kai, Dawuda! Wannan ai muryar aljanu ce. Nuna mini yadda ka yi."

Ya nuna masa tiryan-tiryan, bai ɓoye komai ba. Me zai ɓoye wa ɗan'uwansa?

To, akwai wata waƙa da Mama Leah ta yi wa mijinta da yaren C'lela. Ba ta coci ba ce, ba ta biki ba ce. Tunda ba ta samu kabarin da za ta tsaya a kai ba, sai ta haɗa waƙa tana kiran sunansa, tana gaya masa girman yaran da yadda dawa ta yi bana. A gona kawai take rera ta in tana zaton babu kowa. Dawuda ya daɗe yana roƙon ta bari ya ɗauka, tana ƙi. Da ciwon ƙirji ya fara taɓa ta ne ta yarda.

"Amma da sharaɗi," in ji ta. "Kada ka sa ta a faifai. Faifai yawo yake yi. Ta zauna a cikin akwatin nan naku, in na tafi jikokina su ji."

"Na yi alkawari, Mama."

Ta juya ga Francis, wanda ke riƙe da wayar makirufo. "Kai ma ka ji?"

"Haba Mama, ni ma ai babana ne."

Ta zauna a benci da ƙurar gona a ƙafarta, ta rera. Dawuda, mutumin da ko atishawa aka kawo masa sai ya sa mata eko, bai ɗora wa wannan komai ba. Ya bar ta busasshiya, ana jin numfashinta, ana jin inda muryar ta karye a kan sunan Mika. Kuma ya cika alkawari, bai kwafa ko'ina ba.

Bayan 'yan watanni Francis ya ce kwamfutar tana yawan ɗaukewa, zai kai ta Kaduna a duba. Dawuda da kansa ya naɗe ta da bargo ya ɗaura a mashin ya kai shi tasha. Gyara ya ƙi ƙarewa. Yau a ce ana jiran kaya daga Legas, gobe waya ba ta shiga. Daga baya aka ji Francis ya kama aiki da masu shirya fim, shi ke haɗa musu sauti. Dawuda ya ji zafi, amma ya haɗiye, ya ce ai kwamfutarsa ce. Ya koma ga rumbu da kaset, yana jiran Kirsimeti Francis ya zo da ita.

Wata Lahadi bayan an taso coci, maƙwabta suka sa sabon fim ɗin tsoro da suka sayo a shagon Nwankwo mai faifai. Yara sun cika falo, ƙofa a buɗe saboda zafi. Mama Leah tana tsakar gida tana tsince wake, Dawuda yana gefe yana gyaran wata rediyo. Sai wani amo ya taso ta kan katanga, a hankali, daga nesa, amon da ya riga murya zuwa. Dawuda ya gane dabararsa ta juya amo tun kafin kalmar farko ta iso. Da ta iso kuwa, sunan babansa ne.

Ya ruga ya leƙa. A talabijin ga wata mace cikin farin ƙyalle tana fitowa daga kogon bishiya, gari a fuskarta, bakinta na motsi, waƙar Mama Leah tana fita. Yara suna ihu suna ɓuya a bayan juna, manya suna dariya. Da ya dawo ya tarar da mahaifiyarsa tsaye, waken ya zube a ƙasa.

"Dawuda," ta ce, "ni ce aljanar?"

Ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta mare shi, da ya fi masa sauƙi. Ya rantse mata bai ba kowa ba, ta ce ta ji, ta durƙusa tana tsince wakenta.

Washegari ya hau mota zuwa Kaduna. Ya sami Francis a wani ɗaki mai sanyi, ya yi ƙiba, har da sarƙa a wuya. Ko kunya babu a idonsa.

"Ɗan'uwa, zauna mana. Darakta ne ya matsa yana son murya mai ban tsoro, na duba ban ga wadda ta kai ta Mama ba. Kuma wa ke jin C'lela a nan? Na lulluɓe ta da eko, ba wanda zai gane."

"Ita ta gane."

"To a ba ta haƙuri. Ai ta shiga fim, duniya na jin ta."

Dawuda ya danne zuciyarsa, don ba faɗa ya kawo shi ba. "Ba ni busasshiyar, in tafi."

Francis ya sosa ƙeya. Wai kwamfutar ta cika, aka wanke ta gaba ɗaya aka zuba sabbin kaya. Abin da ke cikin fim ɗin shi kaɗai ya rage. Mutumin da ya ci tuwon matar nan shekara da shekaru, ya share muryarta don ya sami wurin ajiye ƙarar harbi da kukan mujiya! Dawuda ya tashi ya fita, bai ƙara yi masa magana ba har yau.

Ya sayi tsohuwar kwamfuta tasa ta kansa, ya roƙi Mama ta sake rerawa. Ta ce waƙar ta fita daga bakinta. Ba a ƙara jin ta a gona ba, a zumunta ma ta miƙa wa wata ba da waƙa, ta koma layin baya tana tafi. Yaran unguwa kuwa sun haddace waƙar, suna yafa zanin gado suna tsorata juna da ita a ƙofar gidanta. Ta rasu da daminar 2008.

Bayan an yi jana'iza Dawuda ya je shagon Nwankwo ya sayi faifan. Ya yanko wurin waƙar, ya shiga neman muryar mahaifiyarsa a ƙarƙashin ekon. Ya rage nan, ya tace can, ya gwada duk fulogin da ya samu. Amma shi ya fi kowa sanin gaskiya, eko in ya shiga murya ya shiga ke nan, kamar gishiri a miya. Har yanzu yana aiki, matan zumunta suna zuwa, yana sa musu coci ko kogo yadda suke so. Dabarar juya amo ce kawai bai ƙara yi wa kowa ba.

Wata rana da hantsi yana kan aikin tace waƙar Mama, 'yarsa Divine ta shigo kawo masa kunu. Shekararta biyar, kuma ita ce Mama ta fi goyo. Amon ya taso daga lasifika, yarinyar ta saki kofin, ta ƙwalla ihu ta maƙale a bayan ƙofa.

"Baba, kashe! Aljana ce!"

Ya miƙa mata hannu. "Zo, Divine. Saurara da kyau. Kakarki ce."

Ta girgiza kai tana kuka, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu.

"Ƙarya ne. Kaka ba haka take ba."

Dawuda ya kai hannu ya kashe.