Aikin Yaya Habu a Kan Layi

Wata Laraba da hantsi, cikin damanar da na shiga aji biyar, ina share ɗakin Baba a gidanmu na Tudun Wada, sai firinta ta yi ƙara ta zuƙe takarda, alhali ba kowa a kusa da ita. Na yar da tsintsiya na fita da gudu, na tarar da Yaya Habu a ƙofar ɗakinsa yana dariya har da riƙe ciki. Kan akuya ne ya fito a takardar, da sunana a ƙasa.

Baba malamin makaranta ne, yana kuma buga wa makarantu tambayoyin jarrabawa a gida. Kwamfutoci uku ne, firinta ɗaya. Yaya Habu ne ya ja shuɗiyar waya ta bi saman katanga, ta wuce kan igiyar shanya, ta haɗa ɗakunan, kowa ya riƙa tura aiki daga inda yake zaune, aikin ya bi layi. Ni ce mai kwaso takardu da sauran ɗuminsu in raba wa masu su, kafin in koma wanke-wanke ko ’yar gala-gala. Kakarmu Inna, idan ta zo daga Furfuri da gyaɗa da kuka, ko kusa da ɗakin ba ta zuwa. "Wanga abu da aljannu ciki," take cewa.

Da lokacin kaka ya zo, Yaya Habu ya hau mota zuwa Tsafe. ’Yan bindiga suka tare hanya suka shiga daji da fasinjoji, har yau ba wanda ya kira mu.

Da Baba ya samu ƙarfin kunna kwamfuta, firinta ta ƙi aiki. Ashe kafin ya fita Yaya Habu ya turo wani hoto, tawada mai launi kuma ta ƙare, aikin ya maƙale a gaban layi ya tare na kowa. Ga sunansa nan a allo, a gefe an rubuta yana jira. Dannawa ɗaya za ta goge shi. Mama ta tsaya bayan kujerar Baba ta ce, "Malam, kak ka goge mani shi. Jira shika yi." Baba ya janye hannunsa. Duk zangon karatun nan kasuwa ya riƙa kai aikinsa a buga masa, mu kuma muna leƙa sunan kamar masu duba marar lafiya. Tsoronsa nake ji, amma ban taɓa fashin leƙawa ba.

Inna ce ta matsa aka sayo tawadar, ta shigo ɗakin da ƙafarta ta zauna. Hoton ya fito a hankali, tsiri-tsiri: gonarmu ta Furfuri, dawa ta yi kai, Mama da Inna da ni muna kare rana da hannu. Shi ya ɗauka, don haka babu shi. Sai can ƙasa, a ƙarshe, inuwarsa ta fito a kan kunya, hannu a ɗage. Takardar na faɗowa sunansa ya ɓace daga allo, tsofaffin ayyukan Baba suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tashi ya kwashe.

Yanzu daga wayar hannu nake tura aiki, ba igiya ba layi, ’ya’yana ko waiwayawa ba sa yi. Ni kuwa duk sanda firinta ta motsa ba kowa a ɗakin, sai na je na duba wa ya turo.