Fim ɗin Italiya a Zaurena

Da za a mayar da ni baya, da ban hana babban ɗana kiwo ba. Ya dawo Gure daga jami'ar Damagaram da diplom ɗinsa, ya ce zai bi kawunsa zuwa kasuwar Alakos su sayo raguna ya turke. Na ce sam. Ni da ban wuce ƙaramar lakwal ba, wato firamare, ban kai yaro jami'a don ya dawo yana wanke raguna ba. Na ce ya jira konkur, jarrabawar ɗaukar ma'aikata, ya shiga biro, aikin ofis. Ya kuwa jira. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo, shi da abokansa sun kafa fada a zaurena, butar shayi ba ta sauka daga kan gawayi. Sai kawun ya aiko cewa ran kasuwa mai zuwa zai tashi, in yaron bai zo ba zai ɗauki wani.

Ana cikin haka, wata la'asar na ji dariya ta cika zaure. Na shiga da niyyar faɗa, sai na tarar sun kife turmi, sun ɗora ordinata, wato kwamfuta, a kai, suna kallo. Ba yara kaɗai ba. Ga maƙwabcina mai shago, ga wani manomi daga Gamu da ya kawo mini gero, har da Mushe, tsohon malamin lakwal da ya yi ritaya. Kafin in buɗe baki an miƙo mini kofin farko, wanda ake ba babba. Dole na zauna.

Fim ne na ban dariya daga Italiya, an juya shi da Faransanci, ɗana yana fassara mana. Wasu samari ne da suka gama jami'a ba aiki. Su yi barci har azahar, su taru a bakin titi su sha kofi, su yi ta tsara abin da za su yi gobe.

Mai shago ya ce, "Wai wahala ce wannan? Ku dubi firij ɗin gidansu!"

Manomin ya ce, "A ba ni su damina ɗaya. Wancan mai gemun ma, noman farko zai gudu."

Wani abokin ɗana ya ce, "Baba, ai mu ne. Kujera kawai suka fi mu."

Mushe kuwa ya ce fim ɗin yana da zurfi, ba na dariya ba ne, alhali shi ya fi kowa ƙyaƙyatawa.

Ni ma na sa baki. Na ce laifin iyayensu ne da suka sangarta su. Ban gama rufe baki ba sai ga uban ɗaya daga cikinsu ya bayyana, wani mai tumbi da sanƙo. Ɗan nasa ya ce zai je ya kama aiki a gidan burodin wani ɗan'uwansu. Uban ya buga tebur. Ɗana ya fassara, idonsa a ƙasa: "Ya ce bai kai shi jami'a don ya dawo yana kwaɓa fulawa ba. Ya jira aikin biro."

Sai mai shago ya fashe da dariya, har da dukan cinya.

Na ce, "Kai! Ƙara gishiri kake yi. Mushe, don Allah haka ya faɗa?"

Mushe ya sa aka mayar da wurin baya, ya kasa kunne. Ya ce, "Malam, ai rage maka ya yi. Mutumin har cewa ya yi me maƙwabta za su ce."

Manomin ya dubi mai tumbin, ya dube ni, ya ce, "Ikon Allah. Har can ma akwai irinku?"

Na so in yi fushi, dariya ta ci ƙarfina. Na zauna har fim ya ƙare. Aka ɗauko gardama: wasu na cewa ƙarshen bai yi daɗi ba tunda samarin ba su samu komai ba, Mushe na cewa gaskiyar ke nan. Da aka kira magariba, muna alwala gefe da gefe, na ce wa ɗana, "Ka kira kawunka. Amma ka duba haƙori da kyau, mutanen Alakos sun iya sayar da tsohon rago."

Ya tafi. A zagayen farko wani rago ya mutu masa, sauran suka yi kuɗi. Yanzu har daga Bune ana kiransa a waya, kuma yana rubuta konkur in an buɗe, bai ci ba tukuna. Shekarun da na zaunar da shi ne dai ba za su dawo ba.

Ku da kuke da ƴaƴa masu diplom a gida, ina roƙonku kada ku yi irin nawa. In yaro ya kawo sana'ar da ba ta haram ba, ku sa masa albarka ya tafi.